Anga, turken jirgin ruwa: yadda ake gwada riƙonta a ƙasan teku

Daga Droum ko birnin Damagaram zuwa teku mafi kusa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ce. Amma shinkafar da ake aunawa a kasuwar Dole, da takin zamanin da manoma ke jira kowace damina, da babura da magunguna, akasarinsu sai da suka kwana bisa ruwa kafin su hau mota daga Lome ko Kwatano ko Legas. Tun watan Mayun 2024 kuma, ɗanyen man Agadem da ke bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ta jihohin Difa, Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso, a teku tafiyarsa ke ƙarewa: a Seme ta ƙasar Benin ake ɗura shi cikin manyan jirage.

Kowane ɗaya daga jiragen nan yakan yi jira. Wani ya jira layi a bakin tasha, wani ya jira takardu, wani ya jira gwamnatoci su sasanta. Ko jiran kwana biyu ne ko na mako uku, abu guda ke hana iska da gudun ruwa su tura jirgin kan gaɓa, ko kan wani jirgi, ko kan bututun da ke kwance a ƙasa. Wani ƙarfe ne mai farata da ake saukarwa da sarƙa har ƙasan teku. Sunansa anga, wasu su ce anka, masu jin Faransanci kuma sun san shi da ancre. Turken jirgi ke nan.

Mai doki yana ganin turkensa, in ya yi sako-sako ya ƙara buga shi. Matuƙin jirgi ba ya ganin nasa, domin yana can ƙarƙashin ruwa mai zurfin mita 20 ko 30, cikin duhu da laka. Hanya ɗaya ce ta sanin ko anga za ta riƙe: a ja ta da ƙarfi tun kafin iska ta ja ta, a kuma auna. Wannan gwaji yana da matakai, kuma kowane mataki da tambayar da yake amsawa.

Nauyi kaɗai ba ya tsai da jirgi

Mutane da yawa na zaton nauyin anga ne ke danne jirgi a wuri ɗaya. Lissafi bai yarda da haka ba. Jirgin dakon mai Amoco Cadiz, wanda ya tarwatse a gaɓar Faransa a 1978, yana ɗauke da ɗanyen mai kusan ton 220,000, angarsa kuwa ton 20 ce da ɗoriya kaɗan. Kwatankwacin a ɗaure bijimi mai kilo 400 a jikin ƙusa mai giram 40 ke nan.

Dalilin da ya sa hakan ke yiwuwa shi ne ruwa ne ke ɗauke da nauyin jirgin. Aikin anga bai wuce ta tsaya gaban turin iska, da gudun ruwa, da bugun raƙuman ruwa ba. Kuma ƙarfinta daga ƙasar da ta kama yake fitowa. Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san yadda abin yake: in shanu suka ja, bakin garma nutsewa yake yi, ƙasa tana taruwa a gabansa. Ita ma anga tana da ƙota da farata. Da jirgi ya ja baya sai faratan su kafe, su yi ta nutsewa, har tulin ƙasar da ke gabansu ya fi ƙarfin jan. Wani masanin lissafi ɗan Ingila, Geoffrey Taylor, a 1933 ya ƙera wata anga wadda siffar garma ce sak, har yau kuma ƙananan jirage na amfani da ita.

Saboda haka masu gwaji ba sa tsayawa a tambayar kilo nawa ce. Abin da suke so su sani shi ne ninki nawa na nauyinta take iya riƙewa. Anga irin ta yau da kullum da ake gani maƙale a goshin jiragen kaya tana riƙe ninki uku zuwa huɗu a rairayi mai kyau. Waɗanda aka gyara wa faɗin farata sun ninka haka. Manyan da ake kafe tashoshin haƙar mai da su suna kai ninki gommai.

Sarƙa ita ce rabin aikin

Ana fidda anga daga ƙasa ne ta hanyar jan ta sama kai tsaye, kamar yadda ake tuge turke. Ke nan duk abin da ya ɗaga ƙotarta yana rage mata riƙo. Littattafan koyar da matuƙa sun ce in sarƙa ta ɗago daga ƙasa da digiri 5 kacal a wajen ƙota, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na riƙon ya tafi. In ta kai digiri 15, rabi ya tafi.

Shi ya sa ake sakin sarƙa mai tsawo, ninki 6 zuwa 10 na zurfin wurin. A ruwa mai zurfin mita 20, ana sakin mita 120 zuwa 200. Matuƙa suna ƙidaya sarƙa gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa mita 27.5, don haka za ka ji kyaftin ya ba da umarnin a saki biyar ko bakwai. Nauyin sarƙar yana sa ta yi ciki, ƙarshenta ya kwanta a ƙasa, jan ya zo wa anga a kwance. In iska ta bugo, sai cikin nan ya miƙe sannu a hankali, ya shanye girgizar kafin ta isa ga farata. Ranar da aka ga sarƙa ta miƙe sambal kamar tsirkiyar baka, an kusa iyaka.

Iska kuma ba daidai-wa-daida take ƙara ƙarfi ba. In gudunta ya ninka biyu, turin da take yi wa jirgi ninkawa huɗu yake yi. Jirgin da ba kaya a cikinsa ya fi shiga haɗari, domin ya taso sama, jikinsa ya zama katanga ga iska. Haka jirgin dakon mai yake sa'ad da ya zo jiran lodi.

Ƙasan teku ma jigawa da fadama ne

Manomin Droum ba ya bukatar a gaya masa cewa turken da ya riƙe a fadama ba lalle ne ya riƙe a jigawa ba, ko kuma wanda ya kafu da rani yana iya yin laƙwas bayan ruwan farko. Haka ƙasan teku yake. Rairayi mai tauri da yumɓu matsakaici su ne suka fi riƙo. A taɓo mai ruwa-ruwa anga tana nutsewa sosai, amma tana iya tafiya cikinsa kamar ludayi cikin kunu. A tsakuwa faratan ba sa samun abin kamawa. A kan fa sai dai ta yi ta zamewa, ko ta maƙale a tsaga ta karye. Ciyawar ruwa kan cushe bakin faratan ta hana su shiga. Mafi yaudara shi ne rairayi ɗan kaɗan a kan dutse: anga za ta kama da farko, kowa ya saki jiki, iska na ƙaruwa ta suɓuce.

Tun kafin zuwan na'urori matuƙa suna binciken ƙasa. Sukan saki dunƙulen dalma mai rami a gindi, an cusa masa kitse. In ya taɓa ƙasa aka jawo shi, abin da ya manne a kitsen, rairayi ne ko laka ko ɓawon kifi, shi zai faɗi irin wurin. In ya dawo fes, dutse ne. A yau taswirar teku tana nuna irin ƙasar kowane wuri, kuma kafin manyan ayyuka ana tura sandar ƙarfe mai tsini cikin ƙasa ana auna taurinta mita bayan mita.

Gwajin farko: a maƙera

Mataki na farko ƙarfen kansa yake dubawa. A ƙarni na 19 jirage da dama sun salwanta saboda sarƙa ko anga ta karye, har majalisar dokokin Ingila ta kafa doka a 1864 kan gwada su kafin a sayar. Aka giggina gidajen gwaji masu injin ja. Babbar angar jirgin Titanic, mai fiye da ton 15, a garin Netherton aka ƙera ta aka kuma gwada ta, sannan dawaki 20 suka ja ta zuwa tashar jirgin ƙasa a 1911.

Yanzu aikin yana hannun kamfanonin tantance jirage, irin su Lloyd's Register da Bureau Veritas da DNV. Suna da ƙungiya guda, IACS, da aka kafa a 1968, wadda ƙa'idojinta suka shafi fiye da kashi 90 cikin 100 na jiragen dakon kaya na duniya in aka auna da girmansu. A ƙa'idar, ana ɗaure anga a injin ja, a matsa mata da ƙarfin da aka ƙayyade gwargwadon nauyinta, sannan a duba ko ta tsage ko ta lanƙwashe. Waɗanda aka yi da zubi akan ɗaga sassansu mita 4 a sako su kan faifan ƙarfe. Bayan haka a rataye su a doddoka da guduma ana sauraren amo. Mai sayen tulu a Mirriah ya san wannan dabara: ƙwanƙwasa shi yake yi, in amon ya fita garau lafiya lau, in ya dakushe akwai tsaga.

Wanda ya ci wannan jarrabawa akan buga masa hatimi a jiki, a ba shi takarda. Sai dai abin da takardar ta shaida shi ne ƙarfen ba zai karye ba. Batun ko zai kama ƙasa, wannan sai an je ruwa.

Gwaji na biyu: a cikin ruwa

Gwada anga da anga tsohon abu ne. A 1852 hukumar sojojin ruwan Ingila ta tara ire-iren da ake da su a Sheerness ta gwada su, ta John Trotman ta zo ta farko. Tsarin bai canza ba, na'urori ne suka ƙaru.

In maƙeri ya fito da sabon fasali yana cewa ya fi na da riƙo, ga yadda ake yi. Ana samun jirgin ja mai ƙarfin inji. A sa ma'aunin ja tsakanin jirgin da sarƙa, wato sikelin da ke nuna ton nawa ake ja a kowane lokaci. A saukar da sabuwar angar, a saki sarƙa ninki 10 na zurfi, in ya yi kaɗan ƙwarai ninki 6. Sai a fara ja a hankali, ana ƙarawa, har faratan su fara noman ƙasa. Daga nan a sauko da tsohuwa mai nauyi ɗaya da ita, a wuri ɗaya, a ja ta haka nan. Ba a yarda da ja ɗaya ba, sai an maimaita sau uku a kowace ƙasa, kuma kowane ja a sabon wuri, domin inda aka riga aka tona ya yi laushi. Ƙasa kuma iri uku ake nema: laka mai taushi, rairayi ko tsakuwa, da yumɓu mai tauri. Ana kuma gwada girma biyu aƙalla, don abin da ƙarama ta yi ba dole ne babba ta yi shi ba.

Wadda ta riƙe ninki biyu na abin da tsohuwar ta riƙe ana ba ta shaidar mai babban riƙo, kuma ana yarda a rage kashi 25 cikin 100 na nauyin da doka ta ɗora wa jirgin. Wadda ta riƙe ninki huɗu ana yarda a rage rabi, amma ga ƙananan jirage galibi.

Masu gwaji ba lamba mafi girma kaɗai suke rubutawa ba. Suna duba mita nawa ta ja kafin ta kama, domin a tashar da jirage suka cunkushe mita 50 na iya zama tazarar da ke tsakanin jirgi da maƙwabcinsa. Suna duba abin da ke faruwa in an fi ƙarfinta: wata takan ci gaba da noma a nutse tana rage gudun jirgin, wata kuwa sai ta mirgina ta fito fili, riƙon ya faɗi warwas lokaci ɗaya. Ta farkon ta fi aminci ko da lambarta ta fi ƙanƙanta. Akwai kuma gwajin juyi, inda jirgin ja ke zagayawa ya ja ta gefe ko ta baya, kamar yadda iska ke juyawa in hadari ya taso. Angar kirki takan juya cikin ƙasa ba tare da ta fito ba, ko in ta fito ta sake kamawa nan take.

Don rage tsada, injiniyoyi kan gwada ƙananan samfura cikin akwatin ƙasa da ake juyawa da gudu a wani ƙaton inji, yadda ƙasar za ta matsu kamar ta zurfin teku. Akwai irin injin nan kusa da birnin Nantes na Faransa tun 1985. Mujallun masu ƙananan jirage da kamfanonin ƙera anga su ma suna shirya nasu gwaje-gwajen, kuma sakamakonsu kan saɓa wa juna: wadda ta zo ta ɗaya a rairayi sai ta zo ta baya a laka. Mai karatu da ya ci karo da irin wannan sakamako sai ya yi tambaya biyu, a wace ƙasa aka ja, kuma wa ya biya kuɗin gwajin.

Iyakar abin da aka yi alkawari

Ƙa'idar IACS ba ta ɓoye iyakarta ba. An lissafa angar jirgi da sarƙarsa ne don iska mai gudun mita 25 a daƙiƙa, wato kilomita 90 a awa, da ruwa mai gudun kilomita 9 a awa, a wuri mai kariya, a ƙasa mai riƙo. Ba a yi ta don ta riƙe jirgi a buɗaɗɗiyar gaɓa cikin guguwa ba, ba a kuma yi ta don ta zama birkin jirgin da ya riga ya fara tafiya ba.

Abin da ya sami Amoco Cadiz ke nan ranar 16 ga Maris 1978. Abin juya akalarsa ya lalace cikin guguwa, igiyar jirgin da ya zo jan sa ta tsinke, aka saki anga a ƙasa mai duwatsu, ta kasa tsai da shi. Ya faɗa kan duwatsun Portsall, man duka ya malale, ya ɓata gaɓa fiye da kilomita 300. Angar tana nan an girke ta a bakin tashar garin don tunawa. A watan Yunin 2007 kuma, jirgin dakon gawayi Pasha Bulker yana jiran lodi fanko a gaban Newcastle ta Ostareliya. An yi gargaɗin guguwa, bai fita da wuri ba, angarsa ta ja, ƙarshe aka tsince shi kwance a rairayin bakin garin.

Shi ya sa gwajin ba ya ƙarewa a hannun injiniya. Duk lokacin da aka saki anga, kyaftin kan sa inji ya ja baya kaɗan, a ga sarƙa ta miƙe sannan ta saki, alamar faratan sun kafe. Daga nan mai gadi ya zana da'ira a taswira, iyakar inda jirgi zai iya kewayawa, ya riƙa duba na'urar tauraron ɗan adam. In jirgi ya fita da'irar, ko sarƙa tana karkarwa tana miƙewa tana saki, anga na ja. Maganin shi ne a ƙara sarƙa, a saki ta biyu, ko a tada inji a fita fili tun da sauran lokaci.

In anga ta ja, ba jirgin kaɗai ke asara ba

Ƙasan tekun Gini cike yake da dukiya a kwance. Akwai bututun iskar gas mai tsawon kilomita 678 daga Najeriya zuwa Benin, Togo da Gana. A watan Agustan 2012, yayin wani artabu tsakanin ƴan fashin teku da sojojin ruwan Togo a gaban Lome, angar wani jirgi ta fasa shi. Gas bai dawo ba sai a watan Yulin 2013, Gana kuwa ta sha ɗaukewar wuta a tsakanin. Wayoyin intanet da ke haɗa Afirka ta Yamma da duniya su ma a can suke, kuma Nijar ta hannun ƙasashen gaɓa take samun rabonta. A duniya baki ɗaya, kayan kamun kifi da angar jirage su ne kan gaba wajen tsinka irin waɗannan wayoyi.

Wannan ya haifar da wani gwajin mai tambaya ta daban: zurfin nawa anga ke shiga, don a san zurfin da za a binne waya. A 2013 hukumomin Jamus tare da kamfanin lantarki na TenneT sun ja manyan angogi biyu, masu ton 8 zuwa 12, a Tekun Arewa, suna auna ramin da suka bari. A ƙasar da aka gwada, ba wadda ta nutse ta wuce mita 1. A laka mai taushi kuwa zurfin kan fi haka nesa ba kusa ba, don haka kowace gaɓa sai an yi mata nata awon.

Turken da man Nijar ya dogara da shi

Jirgin da ke ɗaukar ganga miliyan ɗaya ba ya matsowa bakin gaɓa a Seme, ruwan bai kai masa zurfi ba. Bututu ne ke bin ƙasan teku kilomita da dama zuwa wani ƙaton tulun ƙarfe da ke bisa ruwa, kamar gorar masunta. Jirgi ya ɗaure a jikinsa, ya riƙa kewaya shi duk inda iska ta juya, mai na shiga ta tiyo. Irin wannan tulu ana kafe shi ne da sarƙoƙi, galibi shida ko fiye, kowace ta nufi nata ɓangaren, ƙarshenta a jikin babbar anga ko ginshiƙin ƙarfe da aka buga cikin ƙasa.

Nan ne mataki na uku yake, wanda ya fi sauran muhimmanci. Angar dindindin ba a ɗaga ta gobe a sake saki, shekara da shekaru za ta yi a wurin. A ƙa'idar wannan sana'a, bayan an bincika ƙasa an kafa ta, jirgin aiki kan ja kowace sarƙa da ƙarfi kwatankwacin wanda ake tsammani daga guguwa, a riƙe hakan minti 15 ko fiye ana kallon ma'auni. In ta motsa a sake. Jan yana yin aiki biyu: yana tabbatar da riƙo, yana kuma nutsar da faratan zuwa zurfin da ake so tun kafin ranar bukata. Bayan haka sai duba lokaci-lokaci, domin tsatsa na cin sarƙa, gogayya na cin ta a inda take taɓa ƙasa, ruwa kuma na kwashe rairayi daga gindin abin da aka kafa.

Bututun an gina shi ne don ganga 90,000 a rana, fiye da ninki huɗu na abin da matatar SORAZ ta Damagaram ke tacewa. Duk wannan ta tulu guda yake fita. Ranar da ya tsaya, kuɗin da baitulmali ke jira ya tsaya. Ƴan ƙasa da ƴan jarida na da damar su tambayi masu kula da irin wannan wuri abu uku: yaushe aka ja sarƙoƙin aka auna, wa ya shaida, kuma yaushe ne dubawa ta gaba.

Darasi ga masu kwale-kwale

A tafkunan Gidimuni da Madarunfa, a tafkin Chadi, da kogin Kwara wajen Gaya, ƙa'idar ɗaya ce ko da kayan sun bambanta. Inda ruwa bai da zurfi, dogon sanda da aka kafa cikin laka ya isa. Inda ya yi zurfi, dutse ko guntun ƙarfe ake ɗaurewa da igiya. Abin lura shi ne ruwa na rage wa abu nauyi. Dutse mai kilo 20 bai fi kilo 12 ko 13 ba a cikin ruwa, dunƙulen siminti ya ɗan fi haka raguwa, ƙarfe mai kilo 20 kuwa yana nan da kusan 17. Kuma dutse sumul ba ya kama ƙasa, jan sa kawai ake yi. Ƙaramin ƙarfe mai ƙugiyoyi da maƙerin gari zai iya haɗawa ya fi babban dutse riƙo a rairayi da yumɓu.

Gwajin ba ya bukatar ma'auni. A zaɓi ranar da ruwa ke kwance, a je daidai wurin da aka saba tsayawa. A saki igiya ninki bakwai na zurfi, wato kusan mita 20 a ruwan mita 3. In akwai guntuwar sarƙa a sa ta tsakanin ƙarfen da igiya don jan ya kwanta. A ɗaure a goshin jirgi, domin ɗaurin gefe ko na baya a ruwa mai gudu na iya kifar da shi. Sai a ja baya da filafili ko inji iyakar ƙarfi na ƴan mintuna. A zaɓi abubuwa biyu a gaɓa ta gefe da suka yi layi ɗaya, kamar giginya da wata bishiya a bayanta. In suka rabu, jirgi na tafiya. A ɗora hannu a kan igiya, in ana jin gurgura, ƙarfen yana zamewa. Sannan a kewaya a ja ta wani ɓangaren a ga ko zai sake kamawa. A kuma bar wuƙa kusa, saboda ranar da igiya za ta maƙale ruwa na ƙaruwa.

Wannan duk ba ya maye gurbin rigar ruwa, ba ya kuma gyara jirgin da aka cika wa kaya fiye da kima. Amma aikin rabin awa ne, kuma lokacinsa shi ne kafin iskar farkon damina, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. In aka sauya wurin tsayawa, ko aka sauya igiya, ko ruwa ya cika ya kawo sabuwar laka, sai a sake ja a gani.